Bishiyoyin mepul da na tatsa sun makara wajen toho: hujin ne ya cutar da su?

Tambaya daga wani mazaunin gundumar Lanark, Ontariyo, Kanada

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san sha'anin itacen mepul, wato bishiyar nan da ganyenta yake jikin tutar Kanada, wadda ake huda gangar jikinta a ƙarshen hunturu, a tatsi ruwanta, a dafa shi har ya yi kauri ya zama maɗi. A bayan gidan da muke zaune akwai ɗan kurmi mai irin waɗannan bishiyoyi kusan ashirin. A bana, da taimakon wani maƙwabcina da ya gaji sana'ar, na huda manyan cikinsu a farkon watan Maris, kowace huji ɗaya, na sa bututu a ramin na rataya bokitai, sannan na cire bututun a tsakiyar Afrilu, lokacin da ruwan ya fara gurɓacewa kuma ɗanɗanonsa ya sauya.

Yanzu mun shiga mako na uku na watan Mayu, yawancin bishiyoyin sun lulluɓe da ganye, amma huɗu daga cikin waɗanda na huda ba su yi mini kyan gani ba. Biyu daga ciki ganyensu ƙanana ne kuma jefi-jefi, har ana hango sararin sama ta tsakiyarsu. Ta uku ta yi toho a rassan ƙasa, amma rassan can ƙololuwa a bushe suke, babu ko alamar ganye. Ta huɗu kuwa sai a 'yan kwanakin nan idanun tohonta suka fara buɗewa. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ƙananan da ban taɓa ba su ne suka riga kowa yin ganye.

Shin ruwan da na kwashe shi ne abincin da ya kamata su yi ganye da shi? Ramukan da na bari a buɗe, ya dace in toshe su da wani abu? Ko kuwa taki suke bukata? Kuma idan Allah ya kai mu baɗi, in sake huda su ko in hutar da su gaba ɗaya? Ba na son in zama sanadin mutuwar itatuwan da suka girme ni saboda 'yan kwalaben maɗi.

Amsa daga wani dattijo a yankin Beauce, Kebek

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ɗan'uwa. Na daɗe ina aiki a dazuzzukan mepul na wannan yanki, kuma da yake lardin Kebek ne yake samar da kusan kashi 70 cikin 100 na maɗin mepul na duniya baki ɗaya, tambayarka ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Bari mu fara da lissafi, domin shi ne zai fi saurin kwantar maka da hankali. Huji ɗaya da aka rataya wa bokiti yakan ba da lita 40 ko abin da ya yi kusa da haka a duk tsawon lokacin tatsa, kuma sukarin da ke cikin ruwan bai cika wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100 ba, shi ya sa sai an dafa kimanin lita 40 kafin a sami lita ɗaya ta maɗi. Ke nan abin da ka karɓa daga kowace bishiya sukari ne da nauyinsa bai wuce kilo ɗaya da wani abu ba, saura duk ruwa ne, kuma saiwoyi suna mayar da shi daga ƙasa tun tatsar ba ta ƙare ba. Bishiyar da ta kai shekara 40 kafin ta isa huji tana da ajiyar sitaci a saiwoyinta da gangar jikinta wadda ta ninka abin da ka ɗiba sau da yawa. A nan akwai itatuwan da kakanni suka huda, 'ya'ya suka huda, jikoki suna hudawa, kuma har gobe suna tsaye.

Ka kuma lura cewa a lokacin da kake tatsa, ruwan ba hanyar ganye ya nufa ba, tunda babu ganyen ma tukuna. Idan dare ya yi sanyin da ke daskarar da ruwa, itacen yakan zuƙo ruwa daga ƙasa; idan rana ta ɗaga ya narke, sai ya matsu a ciki ya nemi mafita, ramin da ka yi kuwa shi ne mafitar. Da zarar darare sun daina daskarewa, sai ɗigar ta tsaya da kanta. Sauyin ɗanɗanon da ka ji a Afrilu alama ce ta cewa idanun toho sun fara kumbura, kuma ka yi daidai da ka cire bututun a lokacin.

Inda tatsa take cin bishiya da gaske shi ne raunin, ba ruwan ba. Duk wanda ya taɓa faskara tsohuwar mepul da aka daɗe ana hudawa ya ga abin da nake nufi: daga kowane tsohon rami akwai wani zane mai launin ƙasa-ƙasa da ya miƙe sama da ƙasa a cikin farin itacen, siriri ne a faɗi amma yakan kai tsawon kamu guda ta kowane ɓangare, wani lokaci ya zarce. Wannan sashe ya daina ɗaukar ruwa har abada. Bishiya mai lafiya ba ta damuwa da shi, domin kowace shekara tana ƙara sabon zobe na itace a kansa. Amma idan ana yin ramuka fiye da yadda take girma, sai zanukan su haɗu, farin itacen ya yi ƙaranci, daga nan ne lalacewa take farawa. Wannan abu ne na shekaru masu yawa, ba na huji ɗaya a shekara ɗaya ba.

Saboda haka ne masu sana'ar suke da ƙa'idoji. Ba a huda bishiyar da kaurinta a daidai ƙirjin mutum bai kai santimita 25 ba, masu taka-tsantsan ma sai ta kai 30. Idan tef ɗin awo kake da shi, kewayenta ya kai santimita 80 zuwa 95. Ba a ƙara huji na biyu sai kaurin ya kai wajen santimita 45. A da ana amfani da bututu mai faɗin milimita 11, yanzu kusan kowa ya koma mai milimita 8, domin raminsa ya fi saurin rufewa kuma tabon da yake bari a ciki ya fi ƙanƙanta. Zurfin kada ya wuce santimita 4 zuwa 5. Wajen buga bututun ma a bi a hankali, da zarar ƙarar guduma ta sauya daga kwas-kwas zuwa dum sai a tsaya, domin bugun da ya wuce haka yana tsaga ɓawo, kuma tsagar ta fi ramin kansa wuyar rufewa. Sabon rami kuma ana matsar da shi gefe da na bara, a ɗan ɗaga ko a ɗan sauke. Idan kana hudawa ka dubi dusar da bakin injin yake fitarwa: fara mai danshi tana nufin ka sami itace mai rai, mai launin ƙasa tana nufin ka faɗa cikin tsohon tabo.

Game da toshe ramuka, kada ka yi. Ka bar su a buɗe su bushe, ɓawo zai rufe su daga gefe zuwa tsakiya. Mutane sun gwada dabaru iri-iri a kan ramin nan sun gane kurensu. Akwai lokacin da ake cusa wata ƙwaya ta sinadarin farafomaldihaid a ciki don ruwa ya daɗe yana zuba, daga baya aka gano tana hana itacen kare kansa kuma tana buɗe wa ruɓa hanya, har aka haramta ta a Kanada da Amurka.

Amsa daga wata ɗalibar ilimin gandun daji a jihar Vermont, Amurka

Assalamu alaikum. Baba ya gama magana a kan huji, ni kuma zan tsaya a kan ganyen, domin a nan ne nake ganin amsar Malam take.

Ganyen da mepul take fitarwa a watan Mayu ba a watan Mayu aka ƙirƙire shi ba. Tun a watannin Yuli da Agusta na bara bishiyar ta shirya idanun toho, kuma idan aka tsaga ɗaya daga cikinsu a tsakiyar hunturu aka duba da gilashin ƙara girma, za a ga 'yan mitsi-mitsin ganyaye a nannaɗe, an riga an ƙayyade adadinsu. Sitacin da za a buɗe su da shi ma a ƙarshen lokacin zafi da farkon kaka aka tara shi. Don haka idan bishiya ta fito da ganye kaɗan ko ƙanana, tambayar farko ita ce me ya same ta bara, kafin a zo ga abin da aka yi mata a watan Maris. An yi fari a Yuli da Agusta? Tsutsa ta cinye mata ganye? Iska ko ƙanƙara ta karya mata rassa? An tona rami ko an bi da manyan motoci ta kan saiwoyinta?

Tarihin yankinmu cike yake da misalai. A 1988 wani ɗan ƙaramin ƙwaro da ke shiga cikin idon toho tun bai buɗe ba ya addabi dazuzzukan Vermont da jihohin da ke maƙwabtaka da ita, ganyaye suka fito ƙanana, a yayyage, kuma bai bambanta tsakanin bishiyar da aka huda da wadda ba a huda ba. Akwai kuma wata tsutsa mai cin ganye da takan ɓarke duk bayan wasu shekaru, ta yi shekara biyu zuwa uku tana ɓarna. A Vermont an gan ta daga 2004 zuwa 2006, sannan daga 2016 zuwa 2018. Tana son mepul mai sukari ƙwarai, wato irin da aka fi tatsa, amma ba ta kula jar mepul, wadda wani iri ne daban. Bishiyar da ta cinye wa ganye a Yuni takan sake fitar da wani a Yuli, kuma da ajiyarta take biyan wannan toho na biyu, wanda ya fi abin da bokiti zai ɗauka nesa ba kusa ba. A Janairun 1998 kuma ruwan sama mai daskarewa ya sauka a gabashin Ontariyo, da kudancin Kebek, da arewacin New York, da Vermont, da New Hampshire, da Maine, nauyin ƙanƙara ya karairaya kawunan itatuwa, kuma gundumar da Malam yake zaune tana cikin wuraren da abin ya shafa. Wasu tsofaffin bishiyoyin har yau suna ɗauke da ruɓar da ta shiga ta waɗannan karaya. A Mayun 2010 ma, bayan ɗumi ya zo da wuri ya sa mepul ta yi toho kafin lokacinta, sanyi ya dawo ya ƙone sabbin ganyaye a kan tsaunukan Vermont da New Hampshire.

Abu na biyu shi ne ƙasa. Mepul mai sukari itace ce mai bukatar sinadarin kalsiyam, kuma saiwoyinta masu shan abinci suna kusa da saman ƙasa. A shekarun 1980 dazuzzukan kudancin Kebek sun yi wata irin bushewa daga sama, wadda masana suka danganta da haɗuwar abubuwa da dama: ruwan sama mai asid da ya wanke kalsiyam daga ƙasa, da tsutsa, da fari, da kuma daskarewar saiwoyi a shekarun da dusar ƙanƙara ba ta rufe ƙasa sosai ba. A dajin bincike na Hubbard Brook da ke New Hampshire, a 1999 an watsa wani ma'adini mai kalsiyam a kan wani gangare guda don a mayar da abin da asid ya kwashe, kuma a shekarun da suka biyo baya kawunan mepul na wurin sun cika, ƙananan da suke tsirowa kuma suka fi rayuwa. Amma wannan ba dalili ba ne na zuba farar ƙasa ko taki kai tsaye. Gundumar Lanark wani ɓangarenta yana kan tsohon dutse mai siririyar ƙasa, wani ɓangaren kuma yana kan dutsen farar ƙasa wanda kalsiyam ya wadata a cikinsa, saboda haka sai an kai ƙasar an gwada kafin a san me take nema. Takin zamani mai yawan naitirojin, irin wanda ake zuba wa ciyawar tsakar gida, ba shi ne maganin wannan ba.

Batun ƙananan da suka riga manya toho kuwa, haka ɗabi'arsu take. Ƙananan mepul da ke ƙarƙashin inuwa sukan buɗe ganye kwanaki kafin manya, don su sami hasken rana kafin sama ta rufe. Kwatanta su da manyan da aka huda ba zai nuna komai game da huji ba. Kwatancin da zai yi amfani shi ne tsakanin manya biyu masu kauri ɗaya, iri ɗaya, a wuri ɗaya. Ko a cikin manyan ma, akwai bishiyar da kowace shekara ita ce ta ƙarshe, haka aka halicce ta, kuma wadda ke kwari ko gangaren da ke fuskantar arewa takan makara a kan wadda ke shan rana.

Inda zan ɗan ƙara a kan maganar Baba, tare da girmamawa, shi ne lissafin kilo ɗaya na bishiya mai lafiya ne kuma na bokiti ne. Manyan gonaki yanzu tiyo suke shimfiɗawa daga bishiya zuwa bishiya, injin zuƙo yana jan ruwan, kuma abin da ake samu yakan ninka na bokiti. Cibiyar binciken mepul ta Proctor, ta Jami'ar Vermont, ta daɗe tana bibiyar wannan, kuma abin da take nanatawa shi ne a dubi girman bishiya da saurin girmanta kafin a huda. Wadda ajiyarta ta riga ta yi ƙasa, ko huji ɗaya nauyi ne a kanta, ba don sukarin kaɗai ba, sai don killace rauni ma yana cin ƙarfi. Alex Shigo, masanin cututtukan itatuwa na hukumar gandun daji ta Amurka, shi ne ya shahara a shekarun 1970 da bayanin cewa itace ba ya gyara sashen da ya ji rauni, katange shi yake yi ya girma a kansa. Bishiya mai rauni katangarta ba ta yin ƙwari.

Malam, don Allah ka koma ka dubo mana abubuwa kaɗan. Ganyen kowace daga cikin huɗun, gefensa santsi ne ko yana da ƙananan haƙora? Akwai 'ya'ya masu fikafikai a rassan? Idan ka kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce, kore ne mai danshi a ƙasa ko busasshe? Akwai tsofaffin ramuka a jikinsu, kuma sun rufe? Sannan me ke kusa da gindin kowace?

Amsa daga wani manomi a Gashuwa, jihar Yobe

Salamu alaikum, jama'a. Ban taɓa ganin wannan itace ba, amma maganar ta ja hankalina domin mu ma a nan muna da itacen da muke ji wa rauni don mu ci amfaninsa, wato dakwara da ake samun ƙaro a jikinta. Bayan damina ta ɗauke, ganye ya fara rawaya yana zuba, sai a ɓare ɗan siririn ɓawo a reshe, a bar shi makonni, ƙaro ya fito ya daskare a zo a tsince. Abin da iyayenmu suka koya mana shi ne, shekarar da damina ba ta yi kyau ba ko fara ta cinye ganye, ba a matsa wa dakwara, kuma ba a taɓa ƙarama. Na ga maganar Malama ta zo daidai da wannan. Tambayata ga Baba ita ce, tunda a nan idan aka sare reshen itacen gida wasu sukan shafa taɓo ko kashin shanu a wurin, me zai hana a yi wa ramin mepul haka don kada ƙwari su shiga?

Amsa daga dattijon Beauce

Malam na Gashuwa, ka kawo magana mai amfani, kuma hukuncin iyayenku a kan shekarar fari shi ne hukuncinmu a nan bayan tsutsa ko guguwa. Bambancin yana wurin abin da ke fita. Ƙaro abu ne da dakwara take yi don ta rufe rauninta, shi kansa murfi ne. Ruwan mepul kuwa ruwa ne mai zaƙi da ke fitowa daga cikin itacen, ramin yana da zurfi, ƙasar nan kuma a Afrilu da Mayu danshi ne ko'ina. Duk abin da aka cusa a ciki, taɓo ne ko tsinke ko kakin zuma, zai riƙe danshi ya zama mazaunin ruɓa, sannan ya tare wa sabon ɓawo hanya. Rami mai milimita 8 a jikin bishiya mai ƙarfi yakan rufe cikin shekara ɗaya zuwa biyu ba tare da an sa masa komai ba. Wannan rufewar ce ma ma'auninmu mafi sauƙi: idan muka zo huda muka tarar da ramin shekara uku da suka wuce yana nan a buɗe, mukan wuce bishiyar. Maganar 'yata ta Vermont a kan injin zuƙo gaskiya ce, na karɓa.

Mai tambaya ya dawo

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na koma na duba kamar yadda Malama ta ce, ga abin da na gani.

Biyun nan masu ƙananan ganye, gefen ganyensu yana da haƙora, bayansa kuma fari-fari ne, ba kamar na sauran ba. Rassansu cike suke da 'ya'ya masu fikafikai biyu, jajaye-jajaye, sun yi tuli a ƙarshen kowane reshe har ya sunkuya, wasu ma sun fara zubowa a kan ciyawa. Ta huɗun, wadda ta makara, tana can ƙasa kusa da wani ɗan rafi inda dusar ƙanƙara ta fi daɗewa ba ta narke ba. Na kankare rassanta a wurare daban-daban, duk kore ne shar, kuma maƙwabcina ya ce tun yana yaro ya san ta da makara.

Ta ukun ce labarinta ya bambanta. Tana bakin hanyar shiga gida, kusa da titi, kuma a gindinta ne motar share dusar ƙanƙara take tara abin da ta kwaso duk hunturu. Ƙasar wurin ta taurare saboda a nan baƙi suke ajiye motoci. Kewayenta mita ɗaya da 'yan santimita ne. Da na duba da kyau na ga tsofaffin ramuka masu faɗi da yawa a gefen da ke fuskantar kudu, kusa-kusa da juna, waɗanda mai gidan na da ya yi, wasunsu har yanzu ɗan yatsa yana shiga. Na kuma tuna cewa bokitinta ne ya fi kowane ƙarancin ruwa, kuma dusar da ta fito lokacin huda ba fara ba ce sosai. Rassan saman na kasa kai musu, amma ɓawon wasunsu ya fara ɓarewa.

Amsa daga ɗalibar Vermont

Malam, bayaninka ya raba bishiyoyin gida uku.

Biyun farko jar mepul ce, ba mai sukari ba. Haƙoran ganye da farin bayansa su ne shaida. Ita takan yi fure ja tun kafin ganye, 'ya'yanta kuma su nuna a ƙarshen Mayu zuwa Yuni, alhali na mai sukari sai kaka. A shekarar da ta yi 'ya'ya da yawa, ƙarfinta can yake tafiya, ganye ya fito ƙanana kuma kaɗan, idan 'ya'yan suka zube ma kanta zai ƙara zama kamar fayau na ɗan lokaci. Wannan ba cuta ba ce. Ka sake duba su a tsakiyar Yuli. Idan ƙarshen rassan yana da rai kuma ramin bana ya fara tattarewa daga gefe, babu abin da zai hana ka huda su baɗi, sai dai ka sani cewa jar mepul tana riga mai sukari kumbura ido, don haka a cire mata bututu da wuri kada ruwanta ya ɓata sauran, kuma bayan shekarar 'ya'ya masu yawa zaƙin ruwan yakan ragu. Ta bakin rafi kuwa, a bar ta da halinta.

Ta bakin titi ce take cikin matsala, kuma matsalar ta girmi hujinka da shekaru. Mepul mai sukari tana cikin itatuwan da ba sa jure gishirin da ake watsawa a tituna lokacin hunturu, ga shi kuma ana tara mata shi a gindi yana narkewa cikin saiwoyi. Tayoyin mota sun danne ƙasar sun hana ta iska, kuma raunin saiwa ƙofa ce ga wata cutar naman gwari da ke shiga mepul ta ƙasa ta toshe mata hanyoyin ruwa. A kan wannan duka aka jera mata manyan ramuka a gefe ɗaya. Bushewar da ke farawa daga ƙololuwa tana saukowa yawanci saƙo ne daga saiwoyi. Kada a sake huda ta har sai tsofaffin ramukan sun rufe kuma kanta ya daina ja da baya, ko da hakan zai ɗauki shekaru. A canza wurin tara dusar ƙanƙara da wurin ajiye motoci, a shimfiɗa ɓawon itace ko busasshen ganye a kewayenta ba tare da ya taɓa gangar jikin ba, a kuma ba ta ruwa mai yawa idan aka yi fari a Yuli da Agusta, tunda a lokacin ne take shirya ganyen baɗi. Ka lura da ita a Agusta: idan gefen ganyenta ya ƙone ko ta riga sauran sauya launi, gishirin ne yake magana.

Rassan da ɓawonsu yake ɓarewa sun mutu, ba za su dawo ba, kuma tunda suna saman hanyar da mutane ke bi, ka kira mai aikin gyaran itatuwa ya sauke su. Idan akwai reshe mai rai da za a rage, a jira ganye ya gama buɗewa, domin mepul da aka sare a ƙarshen hunturu takan yi ta zubar da ruwa. Idan ya hau, ka ce ya duba ko akwai ramuka zagayayyu masu faɗin kusan santimita ɗaya a can saman rassa, inda babu mai kai injin huda. Akwai wani ƙwaro baƙi mai ɗigon fari da dogayen gashin baki, ɗan asalin gabashin Asiya, da aka samu a Toronto a 2003 da kuma Worcester ta jihar Massachusetts a 2008, wanda mepul ce abincinsa na farko, kuma ramin da yake fitowa ta ciki yana kama da tsohon huji. Da wuya ya kasance shi ne, amma idan an ga irin waɗannan ramuka, hukumar binciken abinci ta Kanada ce take karɓar rahoto, kuma kada a fitar da itacen daga harabar gidan kafin jami'anta su zo.